Yaron da Ya Ƙona Itace a Kwalba

Kowa ya san in aka sa itace a wuta yakan zama gawayi da toka, haka kuma ruwan toka da mai in sun dahu tare sukan zama sabulu. Amma ba kowa ke tsayawa ya tambayi yadda abin ke faruwa ba. Ilmin da ke bin diddigin wannan sāke shi ake kira kemistiri, watau ilmin sinadarai.

A ƙasar Masar an yi wani yaro, Ahmad Zuwail, wanda aka haifa a Damanhur cikin 1946, ya girma a garin Dasuƙ, bakin kogin Nilu. Tun yana makaranta ya ɗauki rishon da uwarsa ke dafa gahawa da shi, ya haɗa da waɗansu kwalabe a ɗakinsa, don ya ga yadda itace ke zama iska mai kama wuta. Iyayensa kuwa sun sa rai ƙwarai ga karatunsa, har suka liƙa takarda a ƙofar ɗakin, an rubuta Dakta Ahmad.

Ya shiga Jami'ar Iskandariya, ya gama digirin farko a 1967. Karatun nan ba na mai gaggawa ba ne. Da safe a ji lacca, da rana a tsaya ɗakin gwaji ana awo, ana dafawa, ana tacewa, in lissafi bai fita ba a sake daga farko. A 1969 ya tafi Amurka da Turanci kaɗan a bakinsa, ya sami digirin dakta a 1974, ya kama aikin koyarwa a jami'ar Caltech a 1976.

To, a lokacin nan masana sun san abin da suka zuba a kwalba, sun san abin da ya fito, amma abin da ke gudana tsakani ya fi ƙarfin idon kowace na'ura. Shi ne ya yi dabarar haska ƙwayoyin abu da walƙiyar wata fitila da ake kira leza. A raba sakan ɗaya gida miliyan, a raba kowane gida miliyan, a sake rabawa gida dubu, da irin wannan ma'auni yake auna walƙiyar tasa. A 1987 shi da almajiransa suka ga ƙwayoyi suna rabuwa. A 1999 aka ba shi lambar Nobel shi kaɗai. Ya rasu a 2016, aka binne shi a Masar.

Saboda haka wanda ya fita daga ajin yaƙi da jahilci, in ɗansa ya dame shi da tambayar me ya sa ƙarfe ke tsatsa, kada ya kore shi. Ya saya masa littafi, ya bar shi ya zarce da makaranta ko da gona na bukatarsa. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya ba mu 'ya'ya masu tambaya, amin.