Kakata, Gigin Tsufa da Aikin Dokta Maina

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu masu daraja, ina so in ba ku labarin abin da ya faru a gidanmu a Achika, da darasin da na koya daga gare shi.

Kakata ta wajen uba mace ce mai kaifin tunani. A da, in an tashi lissafin adashi ko kuɗin awo, ita ake kira, don ba ta taɓa ɓata ko kwabo. Amma da shekaru suka ja, sai ta soma ajiye abu ta manta inda ta sa shi. Daga nan ta shiga kirana da sunan babana. Wata Juma'a kuwa, muna ta hidima, sai aka neme ta aka rasa. Sai can da la'asar wani mai keke ya komo da ita, ya ce ya tsince ta a hanyar Wudil tana cewa za ta kasuwa ta sayo wa mahaifiyarta goro, alhali mahaifiyar ta daɗe da rasuwa.

Nan fa magana ta yi yawa. Wasu suka ce sammu ne, wasu suka ce iska ce. Har yara suka fara gudunta. Ni kaina, in faɗi gaskiya, na taɓa yi mata tsawa don ta tambaye ni abu guda sau biyar. Har yau in na tuna sai kunya ta kama ni.

Malaminmu na ilmin halittu ne ya buɗe mini ido. Ya ce abin da muke kira gigin tsufa sau da yawa ciwo ne na ƙwaƙwalwa, kuma wani likita Bajamushe, Alois Alzheimer, ya bayyana irinsa tun 1906. Ya ce mutane fiye da miliyan 55 ke fama da ciwon mantuwa a duniya. Sa'an nan ya ambaci Dokta Mahmoud Bukar Maina, ɗan jihar Yobe, wanda ya yi karatu a Jami'ar Maiduguri, ya tafi Jami'ar Sussex ta Ingila ya yi digirin digirgir a kan wannan ciwo.

Ga abin da na fahimta. A cikin ƙwaƙwalwa akwai ƙwayoyin halitta kusan biliyan 86 masu aika saƙo tsakaninsu. Cikin kowace akwai wani sinadari mai suna tau, wanda ke riƙe hanyoyin da ke cikinta, kamar yadda azara ke riƙe soro. In ciwon ya zo, sai tau ya cukurkuɗe, hanya ta toshe, ƙwayar ta mutu, abin da mutum ya sani ya riƙa zubewa. A 2018 Dokta Maina da abokan aikinsa suka wallafa bincike da ya nuna cewa tau yana da wani aiki kuma can tsakiyar ƙwayar, wurin da ake fara haɗa na'urorin ƙera sinadaran jiki. Ashe ɓarnar tana iya taɓa inda ba a zata ba.

Bai tsaya nan ba. A 2021 shi da wasu masana suka duba takardun bincike fiye da 5,000 da aka yi kan ƙwaƙwalwa a Afirka, suka gano cewa Masar da Afirka ta Kudu ne ke kan gaba, kuma ƙasashe da yawa sun dogara ga kuɗin waje, ga ƙarancin kayan aiki. A shekarar ce aka buɗe cibiyar bincike ta BioRTC da ya assasa a Jami'ar Jihar Yobe, Damaturu, don matasanmu su koyi aikin a gida. Hujjarsa ita ce, yawancin binciken duniya a jikin Turawa aka yi shi, mu kuwa dole a san yadda ciwon yake a jikinmu.

Har yanzu ba a sami maganin da ke warkar da ciwon ba. Amma sani ya sauya gidanmu. Na yi wa babana bayani, ya kai Kaka asibiti. Yanzu ba a barinta ita kaɗai, ba mai yi mata gardama in ta rikice, kuma in ta kira ni da sunan babana sai in ce, "Na'am, Kaka."

Iyayenmu, don Allah ku daina ɓoye tsofaffi masu wannan lalura, ku kai su ga likita. Mu kuwa ɗalibai, ga jami'ar kimiyya nan Wudil kusa da mu. Wanda ya tashi a Yobe ya yi, mu ma za mu iya. Ni dai na ɗaura niyya. Allah Ya ba Kaka sauƙi, Ya sa mu gama da iyayenmu lafiya, amin.