Ciki Ba Don Tuwo Kaɗai Aka Yi Shi Ba

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ƙasar Birtaniya ta kafa wata hukumar leƙen asiri mai suna SOE a shekarar 1940, domin tura mutane cikin ƙasashen da Jamus ta mamaye. Sashen da ke kula da Faransa ya tura mata kusan 40, wasu a ƙananan jiragen sama, wasu ta hanyar dirowa da lema cikin dare. Wadda ke sallamar yawancinsu ita ce Vera Atkins, kuma labarinta ne ya hana ni sakat tun ranar da na karanta shi.

Aikinta shi ne ta raba mutum da asalinsa. Kafin mace ta hau jirgi, sai Vera ta binciki aljihunta da tufafinta, kada a bar tikitin motar Landan ko tambarin telan Ingila. Za a ba ta sabon suna, da sabon garin haihuwa, da iyayen ƙarya. Amma abin da ba a iya ɗinka wa mutum shi ne harshe. Dole Faransancinta ya fita tamkar a can aka yanke mata cibiya.

A nan ne abin ya taɓa ni, domin ni ma Hausa koyonta na yi. Sau da yawa nakan yi ciniki a kasuwa lafiya lau, har mai kaya ya fara yi mini ragi, sai "ƙ" guda ɗaya ta kuɓuce mini, ko in ce "ya" a inda ya kamata in ce "ta". Nan take sai ya ɗago kai ya ce, "Ke 'yar ina ce?" Ni iyakar abin da zai same ni dariya ce, wani lokaci ma har da gyara. Su kuwa waɗannan mata, irin wannan tuntuɓen harshe a gaban sojan Jamus yana iya zama ajalinsu.

Abin mamaki shi ne, ita kanta Vera ɓoye take. Abokan aikinta da yawa sun ɗauka Baturiyar Ingila ce gaba da baya, saboda yadda take furta Ingilishi irin na manyan gida. Alhali kuwa a garin Galati na ƙasar Rumaniya aka haife ta a 1908, kuma sunan mahaifinta Rosenberg. Iyayenta duka Yahudawa ne. Atkins sunan gidan su mahaifiyarta ne. Ta koma Ingila a 1937, ba ta sami takardar zama 'yar ƙasa ba sai a 1944. Wato shekaru tana riƙe da asirin Birtaniya alhali a takarda 'yar ƙasar abokan gaba ce, tunda Rumaniya tana bayan Jamus. Cikakken wannan labari bai fito fili ba sai a 2005, lokacin da 'yar jarida Sarah Helm ta bi sawunta har Rumaniya ta rubuta tarihinta.

Wasu za su ce gudun asali ne. Ni dai ban ga haka ba. A zamanin da ake loda Yahudawa a jiragen ƙasa zuwa sansanonin kisa, kuma a Ingilar ma ba kowa ke ƙaunarsu ba, wa zai ɗora sunan Rosenberg a ka yana talla? Da an sani, mai yiwuwa da ba a bar ta a kan kujerar ba.

Da yaƙi ya ƙare, fiye da mutum 100 na sashenta ba su dawo ba, kuma hukuma ba ta ɗokin tono maganar. Vera ta tafi Jamus a farkon 1946, tana bin kurkuku da sansani, tana yi wa jami'an Nazi tambayoyi. Ta gano cewa an kashe mata huɗu a sansanin Natzweiler ranar 6 ga Yuli, 1944, aka ƙone gawarwakinsu. Uku ta gane su: Andrée Borrel da Vera Leigh da Diana Rowden. Ta huɗun da farko ta zaci Noor Inayat Khan ce, 'yar wani malamin Sufaye ɗan Indiya, sai daga baya ta tabbata cewa ita a Dachau aka kashe ta a watan Satumba na shekarar. Ta huɗun ashe Sonia Olschanezky ce, Bayahudiya, wadda a Faransa aka ɗauke ta aiki, ba ta taɓa bi ta ofishin Landan ba.

Nakan tambayi kaina abin da Vera ta ji a ranta sa'ad da ta gano cewa wannan suna na wata Bayahudiya ne, nata kuwa yana ƙunshe a ciki. Ta rasu a shekarar 2000 tana da shekara 92, a matsayin Vera Atkins.