Cibiyar Uwargida da Lomar Alƙali: Abin da Na Gani Wurin Masu Suya a Turkiyya

Turkawa suna da wata magana da suke yi idan baƙo ya zo, ko idan za a zauna sulhu: a ci zaƙi, a yi zance mai zaƙi. Ban gane nauyin maganar ba sai da na taka ƙafata a Istanbul, birnin da ruwan Bosforus ya raba biyu, rabi a Turai rabi a Asiya. Kusan kowane layi ka bi sai ka tarar da shagon kayan zaƙi, an jera tiretire a bayan gilashi, komai tsaf kamar ba hannu ne ya taɓa shi ba. Baklawa ce ta yi suna a duniya, amma ita gasa ta ake yi. Ni abin da ya ɗauke hankalina shi ne dangin soyayyu, waɗanda ake tsamowa daga mai a tsoma a ruwan sukari, da kuma irin sunayen da aka raɗa musu.

Na fara da unguwar Eminonu, a bakin ruwa, inda jiragen fito suke sauke mutane daga ɓangaren Asiya. Nan ne Kasuwar Masar take, wadda aka gina a shekarun 1660 tare da babban masallacin da ke gefenta, har yau kuma ƙamshin kayan yaji ne ke fara yi wa mutum maraba. Kaɗan ka zagaya bayan masallacin sai ga shagon Hacı Bekir, wanda ya fara sayar da alawa tun 1777, ga kuma Hafız Mustafa da aka buɗe a 1864. Sarauta ta wuce, jamhuriya ta zo, an canja haruffan rubutu daga na Larabci zuwa na boko a 1928, amma waɗannan shaguna suna nan a unguwar, suna sana'ar da suka gada. Wannan kaɗai ya isa mutum ya jinjina wa mutanen nan.

Amma ba a manyan shagunan na fi daɗewa ba. A wani ɗan lungu na sami ƙaramin shago da ake suyar a gaban idon mai saye. Mai shagon dattijo ne mai furfura, yaransa suna ce masa usta, wato gwanin sana'a. Da ya gan ni tsaye ina leƙe sai ya ɗaga hannu ya ce buyurun, wato bismillah, ya sa aka ba ni kujera da shayi a ɗan ƙaramin kofin gilashi mai siririn ƙugu. Na nuna wani tire na tambayi sunan abin da ke ciki. Ya ce hanım göbeği. Wani saurayi mai jin Larabci ya fassara mini: cibiyar uwargida.

Na zauna na ga yadda ake yin ta daga farko. Ana tafasa ruwa da man shanu da ɗan gishiri, a zuba fulawa a tuƙa a kan wuta har ƙullin ya saki tukunya. A sauke ya huce, sannan a riƙa fasa ƙwai ɗaya bayan ɗaya ana murzawa har ya yi laushi da santsi. Usta ya shafa mai a tafinsa, ya gutsuro ƙulli kamar girman goro, ya mulmula, ya ɗan danna shi, sai ya dasa yatsa a tsakiya. Ramin nan shi ne cibiyar. Abin da ya ba ni mamaki shi ne ba a mai mai zafi yake jefa su ba. Man da ɗumi kawai yake jera su, sannan ya ƙara wuta a hankali, su kuwa suna kumbura suna juyawa har su yi ja. Ya nuna mini da hannu cewa in man ya yi zafi tun farko, baya zai ƙone ciki bai nuna ba. Da ya tsame su sai ya afka su cikin ruwan sukari mai sanyi wanda aka dafa da ɗan lemun tsami don kada ya daskare. Ƙa'idar ke nan a duk gidan suya na ƙasar: soyayye mai zafi cikin ruwan sukari mai sanyi. Kana jin ƙarar cuuu lokacin da suke shan ruwan.

Ya ɗora mini biyu a faranti, ya zuba kaimak a cikin cibiyar, wato kakkauran man saman madara, ya barbaɗa garin wata koriyar gyaɗa da ake nomawa a yankin Gaziantep. Bayanta da ɗan ƙarfi, cikinta kuwa sai ka ce auduga. Mafi kusa da ita a wurinmu shi ne alkaki ko dubulan na gara, sai dai ita ta fi su laushi nesa ba kusa ba, saboda ƙwan da ke ciki. Na ce masa elinize sağlık, kalmar da suke gode wa mai girki da ita, ma'ana Allah ya ƙara wa hannunka lafiya. Ya dafa ƙirji ya ce afiyet olsun, a ci lafiya.

Da ƙullin nan ɗaya ake fitar da wasu 'yan uwanta, siffa ce kawai ke raba su. In aka faɗaɗa shi aka ninke biyu, ya buɗe baki kaɗan a cikin mai, ya zama dilber dudağı, leɓen kyakkyawa. In aka mulmula shi dogo, ya zama vezir parmağı, yatsan waziri. In aka matso shi ta wani bututu mai haƙora ya fito da zane a jiki, ya zama tulumba, wato famfo, saboda kayan matsewar. Kalmar tana da tarihi a birnin, domin a da gidajen Istanbul na katako ne, gobara ba ta ƙarewa, kuma 'yan kwana-kwanan wancan zamani da famfon ake kiransu, don a kafaɗa suke ɗaukarsa suna gudu zuwa inda wuta ta tashi. Akwai kuma wani mai kama da zobe da ake sayarwa a kan amalanke a unguwar Karakoy, sunansa na mutunci halka, zobe ke nan. Yana da wani suna na 'yan titi da ya samo daga unguwar da ba a yabo, wadda a ƙofarta aka saba sayar da shi. Wannan na bar wa masu shi.

Abin da ya burge ni shi ne yadda ake faɗin waɗannan sunaye. Na ga tsohuwa da lulluɓinta ta shigo da jikanta, ta ce a auna mata rabin kilo na cibiyar uwargida da rabin kilo na leɓen kyakkyawa, mai awo ya auna, ba wanda ya ɗaga ido. Raha ce ta kakanni da ta zauna a bakin mutane har ta zama sunan yanka. Wanda ya fara raɗa su mutum ne mai ido da nishaɗi: ya dubi abin da ya fito daga kasko, ya ga kamanninsa, ya faɗa. Ko waziri bai tsira ba. Al'ummar da za ta iya cin yatsan waziri da shayin la'asar, al'umma ce da ta san yadda ake wasa da manya ba tare da an zubar da girma ba.

Wanda yake son ganin inda wannan gwaninta ta yi ƙarfi sai ya haura fadar Topkapi, wadda Sarki Muhammadu na Biyu ya sa aka gina bayan ya ci birnin a 1453, ta kuma zama gidan tarihi a 1924. Tun daga kan ruwa ake hango jerin bututun hayaƙin madafarta. Bayan gobarar 1574, shahararren magini Sinan ne ya sake gina ta. A ciki akwai sashe guda da ake kira Helvahane, inda a da ake yin alawa, ruwan sukari, da sauran kayan zaƙi. Na tsaya gaban manyan tukwanen tagulla da ludaya masu tsawon mutum, na gane cewa a Daular Usmaniyya suyar zaƙi aiki ne mai shugabanni da almajirai da daraja.

Uwar duk waɗannan soyayyu ita ce lokma, 'yan dunƙule-dunƙule na ƙulli mai yisti. Sunan daga Larabci yake, asalinsa ɗaya da lomarmu ta tuwo. Larabawa suna ce mata luƙmatul ƙadi, lomar alƙali, kuma ta tsufa ƙwarai, don tana cikin littafin girki da Muhammad al-Bagadadi ya rubuta a 1226. Wanda ya taɓa yin azumi a Makka ko Madina ya san ta da sunan luƙaimat, Girkawa kuma suna ce mata lukumades. A unguwar Fatih, inda 'yan Siriya da yaƙin 2011 ya koro suka buɗe shaguna da yawa, na tarar Larabawa ma ba a bar su a baya ba wajen raɗa suna. Suna da zunud al-sitt, damatsan uwargida, wanda ake naɗe siririn ƙulli da kirim ɗin madara a ciki a soya. Suna da asabi'u Zainab, yatsun Zainabu.

Turawa ma haka suke. 'Yan Italiya suna soya wani siririn ƙulli mai ƙaras-ƙaras a bikin da suke yi kafin azuminsu, kuma kowane yanki da sunan da ya ba shi: wasu su ce surutu, mutanen Turin da Jenowa su ce ƙarairayi, na Tuskani su ce tsummokara. 'Yan Folan suna kiran irinsa ƙirare. 'Yan Norwe suna da na Kirsimeti mai suna matalauci. Faransawa suna da 'yan kunnuwa, suna kuma da wani mara nauyi, cikinsa duk iska, da suka sa wa tusar sistar coci. Da alama duk inda mai ya yi zafi mata suka kewaye kasko, bakin mutane yakan sake.

Duk da haka, abin da ya fi zauna mini a zuciya a Izmir na gan shi, birni na uku mafi girma a ƙasar, a gaɓar tekun Ejiyan. Ina tafe daga dandalin Konak, inda hasumiyar agogo ta 1901 take, zan shiga kasuwar Kemeralti, sai na ga layi ya miƙe a gefen titi. A gaban layin wata 'yar mota ce da aka mai da ita madafa. Mutum biyu cikin fararen kaya suna aiki: ɗaya yana sakin ƙulli cikin babban kasko, ɗaya yana tsamewa yana tsomawa a ruwan sukari yana zubawa a 'yan robobi. Lokmar Izmir da huji a tsakiya take, ba kamar ta Istanbul mai kama da ƙwallo ba. Na lura ba wanda yake miƙa kuɗi. A jikin motar an rataya kyalle da sunan wani mutum, a ƙasa an rubuta roƙon a karanta masa Fatiha.

Wannan ita ce hayır lokması, lomar sadaka. Idan aka yi wa iyali rasuwa, ko ranar rasuwar ta zagayo, ko wani ya tashi daga ciwo, ko buƙata ta biya, sai a ɗauki masu suya a biya su, su kafa kasko a bakin titi su raba wa duk wanda ya zo wucewa. Na shiga layin. A gabana akwai mai shara da rigar aikinsa, akwai wani mai kwat da jakar ofis, akwai 'yan makaranta. Ba a tambayi kowa daga ina yake ba, ni ma da baƙar fatata da hulata ba wanda ya dube ni sau biyu. Da na karɓa, na ji na gabana ya ce Allah kabul etsin, Allah ya karɓa, sai ni ma na faɗa. Wata mata da ke tsaye gefe da baƙin mayafi ta sunkuyar da kai ta amsa. Na koma gefe na karanta wa mamacin Fatiha, mutumin da ban taɓa sani ba, da lomarsa mai zafi a hannuna.

Hikimar wannan al'ada a fili take. Mai buƙata yana ci ba tare da an nuna shi da yatsa ba, domin mai hali ma yana cikin layin. Mai sadaka ba ya zaɓen wanda zai ba. Mamaci kuma yana samun addu'ar ɗaruruwan bakuna a yini ɗaya. Hausawa sun ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, Turkawan Izmir kuwa sun samo hanyar da za su shimfiɗa shi a kan titi kowa ya taka.

Abin da na ɗauko daga ƙasar ke nan: mutane ne da ba su raina abin da suka gada ba. Fulawa ce da mai da sukari, amma sun ba ta suna, sun ba ta ƙa'ida, sun kai ta fada, sun kuma sauko da ita bakin titi don Allah. Raha da ibada suna fitowa daga kasko ɗaya, ba wadda ta ɓata ɗaya.

Saboda haka, ɗan uwa mai zuwa sarin kaya a Laleli, da Hajiya mai zuwa ɗauko abayoyi, idan an gama ɗaure kaya ku ware yamma ɗaya ku gangara Eminonu, ba nisa a jirgin ƙasan cikin gari. Ku nemi ƙaramin shago inda ake suya a gabanku, ku tambayi sunan kowane tire. In kuma Allah ya sa kuka ci karo da layin lokma a bakin titi, kada ku ji nauyi. Ku shiga, ku karɓa, ku yi wa mai ita addu'a, don abin da ake nema a wurinku ke nan.