Daren Da Na Goge Littafina Da Hannuna

Na san akwai masu karatun da har yau ba su yafe mini jinkirin fitowar kashi na uku na wani littafina a shekarar 2014 ba. Waya kam na sha ta, wata baiwar Allah ma cewa ta yi wai ja musu rai nake yi don kasuwa ta yi kyau. A lokacin na ce musu rashin lafiya ce. To ba ƙarya na yi gaba ɗaya ba, don kuwa na kwanta, sai dai ban taɓa faɗin abin da ya kwantar da ni ba sai yau.

Tsohuwar laftof ce gare ni, batirinta ya daɗe da mutuwa, in babu wuta babu aiki. Rumbun ajiyarta, wato had-dis, giga 320 ne, an raba shi gida biyu daidai wa daida, kamar yadda ake yanka shago da falanki. Wannan rabon shi masu gyara ke kira fatishin. Ɗaki na farko, C, nan Windows take zaune. Na biyu, D, nan na tara duk abin da na mallaka: littattafaina, labaran fim guda biyu da ba su samu furodusa ba, da hotunan mahaifiyata, Allah Ya ji ƙan ta.

A watan Afrilun shekarar ne kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows XP, kowa yana ta komawa Windows 7. Ni kuma da ƙarambani na ce ai ba sai na kai wa mai gyara ba. Na ari faifai, na kira ƙanena da ke makaranta ya riƙa yi mini kwatance ta waya.

"Yaya, za ki ga layi-layi. Na farkon ƙarami ne, kada ki taɓa shi. Na biyun shi ne C, ki yi masa dilit ki wuce."

A tasa kwamfutar haka ne, domin Windows 7 takan yanki wani ɗan lungu mai mega 100 a gaba ta ajiye kayan tashinta. Tawa ba ta da wannan lungun. Shafin kuma ba ya nuna C ko D, lamba kawai yake nunawa. Na biyu a wurina D ne. Har gargaɗi ta yi mini da Turanci, na danna ba tare da na karanta ba, don miyata na kan wuta. Ta fara loda sabuwar Windows a kan littafina ina kallo, har ina jin daɗin saurinta.

Ba a yi minti biyar ba aka ɗauke wuta, ta mutu ɗif. Na yi tsaki, na yi mita. Ashe gyara kayanka ne Allah Ya yi mini. Da asuba da wuta ta dawo, na sake sa faifan, sai na lura layi na farko yana nan cike da kayansa, na biyun kuma ya zama fili fetal. Wallahi zama na yi a ƙasa. Saura babi biyu kacal na gama gyarawa, mai shagon littattafai ya riga ya ba ni kuɗin ɗab'i, kuma ban da kwafe ko a filashi.

Mai gyaran farko da na je wurinsa ko kallon kirki bai yi mata ba. Ya ce, "Hajiya, sai haƙuri. Kawo in ƙarasa miki lodin ki samu ta aiki." Saura ƙiris na miƙa masa. Wani saurayi a shagon da ke gaba ne ya ji mu, ya biyo ni waje.

"Anti, don Allah kada ki bari a sake kunna ta. Ko sau ɗaya."

Shi ya zaunar da ni ya yi mini bayanin da har gobe ina tunawa. Ya ce a irin wannan tsohon tsarin, a can farkon rumbu akwai wani ɗan gurbi mai bayit 512, a cikinsa kuma bayit 64 kacal ne ke riƙe da lissafin inda kowane ɗaki ya fara da inda ya ƙare. In ka goge fatishin, wannan lissafin kawai ka share. Kamar a yaga littafin mai unguwa ne na filaye: gidajen suna nan, mutanen suna ciki, takardar ce babu. Ya ce da nan na tsaya, akwai wata manhaja ta kyauta mai suna TestDisk, wadda wani Bafaranshe, Christophe Grenier, ya ƙirƙira, da za ta laluba ta gano iyakokin ta maido da komai har da sunayensa kafin in gama shan lemo. Ɓarnar ita ce lodin da na bari ya fara, domin ya yi fomatin, ya shimfiɗa sabuwar rajista a kan tsohuwar da ke riƙe da sunayen fayil-fayil. Duk inda sabon rubutu ya hau kuwa, na ƙasa ya tafi ke nan.

Ya kwance had-dis ɗin ya sa a wani ɗan akwati, ya jona da tasa kwamfutar, ya ce in sayo wani rumbun daban, don ba a zuba abin da aka ceto a inda ake ceton. Sai ya saki ƙanwar waccan manhajar, PhotoRec. Ita ba ruwanta da rajista. Bin rumbun take yi taku-taku tana shinshina, in ta ga alamar da hoto ke farawa da ita ta ɗauko, in ta ga ta takardar Word ta ɗauko. Kwana ta yi tana yi, ni na sayi man janareta.

Abin da aka miƙo mini washegari ya kusa sa ni kuka fiye da asarar. Jakunkuna ne rututu, kowace da fayil 500, babu mai suna, sai harafin f da dogayen lambobi. Ga abin da na ajiye, ga abin da na goge tun shekara uku baya, duk sun tashi tare kamar ranar hisabi. Har wata wasiƙar fushi da na taɓa rubuta wa maigidan ban ba shi ba, ga ta nan garau. Ita ba ta ɓace ba!

Na nemi sunan tauraron littafin, Dahiru, kwamfuta ta ce babu. Gabana ya faɗi. Can na tuna da rubutun Rabi'at na Farfesa Abdalla Uba Adamu nake bugawa, wanda a cikinsa Ɗ mai lanƙwasa a kan maɓallin baka take zaune. Na cire harafin farko na rubuta "ahiru". Sai ga takardu 41 sun jeru.

Kwana shida ina buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Wasu rabi, wasu shirme zalla, domin fayil ɗin da ke warwatse a wurare daban-daban a cikin rumbu ba ya cika dawowa lafiya. Mafi cika a cikinsu ya tsaya a babi na 17, a tsakiyar jimla, Ɗahiru yana ƙofar asibiti. Babi uku na ƙarshe ban gan su ba, ko sama ko ƙasa. Hotunan Inna kuwa akasarinsu sun dawo, kuma da aka ce in zaɓa, su zan zaɓa.

Masu sabbin laftof kada ku ce za ku yi sa'a irin tawa. Rumbun SSD da ke cikin na yanzu yakan share wurin da aka goge da kansa ba da jimawa ba, sau da yawa ko PhotoRec ba ta samun komai.

Babi ukun nan da ka na sake rubuta su, bayan zazzaɓin mako biyu. A rubutun farko matar Ɗahiru rasuwa ta yi wurin haihuwa, kuma na sha hawaye a kan shafin, na tabbata ya fi wanda kuka karanta kyau. Da na zo sakewa na kai hannu zan kashe ta, sai na kasa. Waɗanda suka yi ta aiko mini da godiya cewa na kyauta da na bar ta ta rayu, ga yadda aka yi ta rayu.