Jita da Na'urar Gyaran Amo: Ina Iyakar Gyara?

Duk wanda ya taɓa riƙe abin kiɗa mai tsirkiya ya san cewa tsirkiya ba ta zama yadda aka bar ta. Zafi yakan sassauta ta, hunturu ya busar da itacen da aka ɗaura ta a kai, yawan kaɗawa kuma ya gajiyar da ita. Saboda haka daidaita tsirkiya kafin a fara kiɗa tsohon aiki ne, mai garaya ya san shi, mai goge ya san shi, haka ma mai jita. Abin da ya zo sabo a zamaninmu shi ne samun na'urar da za ta gyara amon jita bayan an riga an kaɗa, ko ma a lokacin da ake cikin kaɗawa, ba tare da makaɗin ya taɓa maɗaurin tsirkiya ba. A kan wannan ne masu aikin ɗaukar kiɗa a situdiyo suka rabu gida biyu, kuma a kansa nake so in bayyana ra'ayina ga malamaina da 'yan'uwana ɗalibai, domin a ganina maganar ta shafe mu, mu masu nazarin waƙa da kiɗa, fiye da yadda muke zato.

Ya kamata mu fara da asalin abin. A shekarar 1997 kamfanin Antares na Amurka ya fito da manhajar nan da ake kira Auto-Tune. Wanda ya ƙirƙiro ta, Andy Hildebrand, injiniya ne da ya yi aiki da kamfanin mai na Exxon, inda yake nazarin amon da ake aikawa cikin ƙasa don gano inda mai yake kwance. Lissafin da ya saba da shi a can ya juyo da shi kan muryar ɗan'adam. Manhajar takan auna yawan girgizar amo a cikin daƙiƙa, ta gwada shi da amon da ya fi kusa da shi a ma'aunin da aka ba ta, sa'an nan ta ja shi sama ko ƙasa har ya zauna daidai. Duniya ta farga da ita a 1998, lokacin da mawaƙiya Cher ta fito da wata waƙa wadda aka tsananta gyaran a cikinta da gangan, har muryar ta koma kamar ta inji.

Da farko jita ta kuɓuta daga wannan gyara, dalili kuwa shi ne manhajar amo ɗaya take iya bi a lokaci guda, ita kuwa jita tsirkiya shida gare ta, kuma sau da yawa uku ko huɗu ake kaɗawa tare. Kamfanin Celemony na birnin Munik a Jamus shi ya warware wannan a 2009 da sabon salon manhajarsa Melodyne, wanda yake iya rarrabe amon da suka cakuɗa, ya nuna kowanne daban a fuskar kwamfuta, mai aiki ya kama wanda ya so ya matsar. A 2012 kuma kamfanin Peavey ya haɗa kai da Antares suka ƙera wata jita mai suna AT-200, wadda take ɗaukar amon kowace tsirkiya shi kaɗai ta gyara shi kafin ya fita ta lasifika. Abin mamaki a nan shi ne tsirkiyoyin suna nan a karkace yadda suke, amon da ke fita ne kawai aka miƙe. Wannan ya bambanta da jitar da kamfanin Gibson ya fitar a 2007, wadda ƙananan injuna ke murɗa maɗauranta har tsirkiyar kanta ta daidaita.

Masu goyon bayan gyaran suna da hujjoji, kuma ba na wasa ba ne. Na farko, jita ba ta taɓa zama daidai ɗari bisa ɗari, ko a hannun gwani. Idan yatsa ya danne tsirkiya sai ta ɗan ƙara miƙewa, amon ya ɗan hau. Idan aka kaɗa da ƙarfi, farkon amon yakan haura kafin ya sauko. Na biyu, lokacin situdiyo kuɗi ne. Makaɗi zai iya kaɗa waƙa ta minti biyar da daɗi da kuzari, amo ɗaya tak ya kauce a tsakiya. In an ce ya sake, mai yiwuwa ya gyara wancan amon amma kuzarin farko ya tafi. Na uku, wanda ya fi taɓa ni, shi ne halin talaka. Saurayin da jitarsa ta gwanjo ce, mai karkataccen wuya da tsofaffin tsirkiyoyi, ba rashin gwaninta ke sa amonsa kaucewa ba, rashin abin hannu ne. Su dai masu wannan ra'ayi cewa suke yi, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Suna ƙarawa da cewa tun zamanin tef ake yanka ana liƙawa a situdiyo, ba wanda ya kira hakan ha'inci.

Na yarda da yawancin wannan. Inda na rabu da su shi ne wajen kalmar "daidai". Daidai da me? Ma'aunin da waɗannan manhajoji suke zuwa da shi tun daga masana'anta na Turai ne, wanda ya raba tazarar da ke tsakanin amo da takwaransa na sama gida 12 masu faɗi ɗaya, kowane gida kuma aka kasa shi kashi 100, aka kafa amo guda mai girgiza sau 440 a daƙiƙa ya zama abin dogaro. Wannan ma'auni sulhu ne aka yi don a sami sauƙin sauya kari a kan abin kiɗa guda. Su kansu Turawa sun san yana da tawaya. Alal misali, akwai tazarar da ma'aunin ya ba kashi 400, alhali inda amon biyu suke haɗuwa lami lafiya a kunne wajen kashi 386 ne. Wannan bambanci na kashi 14 shi ya sa gwanayen jita da yawa sukan ɗan sassauta wata tsirkiya da gangan don ta dace da waƙar da za su kaɗa. Idan aka saki na'ura a kan irin wannan kiɗa ba tare da lura ba, za ta ɗauki hikimar makaɗin a matsayin kuskure, ta mayar da shi inda ya guda.

Bugu da ƙari, akwai kiɗan da rayuwarsa gaba ɗaya a tsakanin gidajen nan 12 take. Baƙar fatar Amurka masu kiɗan bulus sukan tura tsirkiya gefe da yatsa har amon ya tsaya a wani wuri da ba shi da suna a ma'aunin, kuma da irin wannan jan tsirkiya da karkaɗa ta aka san marigayi B.B. King, wanda ya rasu a 2015. Marigayi Ali Farka Ture na Mali ya ɗauko salon kayan kiɗan gargajiya masu tsirkiya na ƙasarsu ya ɗora a kan jita. A nan gida kuwa, garaya mai tsirkiya biyu da molo mai uku da kuntigi mai ɗaya, irin wanda marigayi Ɗanmaraya Jos ya shahara da shi, duk wuyansu sumul yake, babu ƙarafan da aka gitta don su ƙayyade wa yatsa inda zai tsaya. Kunnen makaɗi da muryar mawaƙi su ne ma'auni. Yaron da ya tashi yana jin waɗannan, in ya ɗauki jita, da wannan kunnen zai kaɗa ta. Masu ƙera na'urorin suna cewa kayansu na iya gane jan tsirkiya na ganganci su ƙyale shi, kuma lalle babban ja suna gane shi. Amma ƙaramar karkata ta kashi goma ko ashirin, wadda makaɗi ya riƙe da saninsa, ita da kuskure kamarsu ɗaya a wurin inji.

Na taɓa ganin wannan da idona a wani situdiyo a Kano. Wani makaɗi ya kaɗa 'yar gajeriyar gaɓa wadda yake ɗan jan amon ƙarshe ƙasa kaɗan, yana bin yadda mawaƙin ya sauke muryarsa a kan kalma mai faɗuwar sauti. Mai aikin na'ura ya zaɓi gaɓar duka ya danna gyara. Da aka sake kunnawa kowane amo ya zauna cif, amma jitar ta daina amsa wa mawaƙin. Makaɗin ya saurara ya ce, "Malam, wannan ya fi nawa tsabta, amma ba nawa ba ne." Mu da muka karanci karin sautin Hausa bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba. Harshenmu da hawa da sauka da faɗuwa yake rarrabe ma'ana, kalangu ma da matsa tsirkiyoyinsa yake kwaikwayon magana, don haka abin kiɗan da ke raka waƙar Hausa dole ya sami sararin bin muryar.

Kada a ɗauka ina ƙin na'urar ne don baƙuwa ce. Mdou Moctar, makaɗin jita ɗan Abzinawan Nijar, a Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko a 2008, kuma an sa wa muryarsa Auto-Tune ƙarara, irin yadda aka saba a waƙoƙin finafinan Hausa. Waƙoƙin suka bazu daga waya zuwa waya a ƙasashen Sahel, har ɗaya daga ciki ta shiga wani tarin waƙoƙi da kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya fitar a 2011. A nan ba wanda aka ruɗa. Na'urar ado ce aka yi da ita a fili, kowa ya ji ya san an sa. Gyaran da nake tsoro shi ne na ɓoye, wanda mai sauraro ba zai sani ba, wani lokaci ma makaɗin kansa ba a gaya masa ba.

Wannan shi ya kawo ni ga abin da ya shafe mu kai tsaye. Abin da muka sani game da kiɗan makaɗan da suka riga mu gidan gaskiya, daga faifai da kaset da ma'adanar gidajen rediyo muka same shi. Muna dogara da su ne domin mun tabbata abin da aka kaɗa shi aka ɗauka. Ɗalibin da zai zo bayan shekara hamsin ya nazarci kiɗan jita na ƙasar Hausa a wannan zamani, in duk abin da ya tarar gyararre ne, zai auna ya rubuta cewa makaɗanmu ma'aunin Turai suke bi sau da ƙafa. Awonsa ba zai yi kuskure ba, amma sakamakonsa ba gaskiya ba ne, kuma ba shi da hanyar ganewa. Wata illar kuma ita ce yaran da ke koyon jita daga waɗannan gyararrun waƙoƙi za su tashi da kunnen na'ura, har a wayi gari karkatar da iyayensu suke jin daɗinta su ji ta kamar kuskure.

Saboda haka ra'ayina ya kasu uku. Duk na'urar da ke taimakon makaɗi ya daidaita tsirkiyarsa kafin ya fara, maraba da ita, don hukunci na ƙarshe yana hannunsa. Gyaran amo ɗaya ko biyu da suka kauce bisa kuskure, shi ma ba laifi, muddin makaɗin na zaune, shi ya nuna wurin, shi kuma ya amince da gyaran. Amma a saki na'ura ta bi kiɗa daga farko har ƙarshe tana jan kowane amo zuwa gidan da ya fi kusa, wannan ban yarda da shi ba, don garin neman gira ake rasa ido. Ina kuma roƙon masu situdiyo su riƙa adana ainihin abin da aka ɗauka kafin gyara, abin da ba zai ci musu komai ba sai ɗan wuri a kwamfuta. Sassan Hausa na jami'o'inmu kuwa, ya dace su nemi irin waɗannan kwafe su ajiye, tare da bayanin wanda ya kaɗa da ranar da aka ɗauka da irin gyaran da aka yi daga baya, don masu nazari na gaba su san abin da suke saurara.