Daga ajin zane zuwa shagon kafinta

1/ Duk sanda na ɗora hoton kujera ko tebur, sai ɗaliban zane-zane sun turo min tambaya iri ɗaya: "Yaya, in na gama makaranta ta ina zan fara?" Yau bari in amsa wa kowa a wuri guda. Zaren yana da tsawo, ku gyara zama.

2/ Ni ɓangaren sassaƙa na karanta a jami'a. Shekara 4 muna zana mutum, muna kwaɓa yumɓu. Da na gama bautar ƙasa na ce kayan ɗaki zan riƙa ƙerawa, sai gida ya yi tsit. Kawuna ne ya faɗi abin da ke ran kowa: "Wato duk kuɗin makarantar nan, kafinta za ka zama?"

3/ Ban ga laifinsa ba, don a unguwanninmu yaron da boko ya ƙi shi ake kaiwa wajen kafinta. Amma ku duba mana: ba a kai amarya sai da gado da kujeru da madubi. Wani uban shekaru yake yi yana tari, wani sai ya sayar da sa ko gona. In kayan suka lalace cikin damina biyu, gumin wannan dattijon aka ci.

4/ Makaranta ta ba ni ido. Ina kallon kujera in san ƙafarta ta yi kauri, ko bayanta ya rinjayi gabanta. Hannu kuwa a shago ake samun sa. Shi ya sa na je wajen wani tsohon kafinta a unguwarmu, muna ce masa Baba, na roƙe shi ya ɗauke ni a matsayin ɗan koyo. Na yi shekara ɗaya da 'yan watanni a ƙarƙashinsa.

5/ Watannin farko aikina samfefa ne da shara da ɗauko katako. Yaro ɗan shekara 16 shi ke nuna min yadda ake riƙe zarto, kuma wallahi ya fi ni nesa ba kusa ba. Sunana a shagon "Mai Digiri". In ba za ka iya haɗiye wannan ba, to tun yanzu ka sake tunani.

6/ Ranar da na fara nuna wa Baba zanena, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce: "Ɗana, ya yi kyau. Amma takarda ba ta motsi, katako yana motsi." Duk wanda zai yi wannan sana'a a Arewa, daga nan karatunsa yake farawa. Bari in yi bayani.

7/ Yawancin katakon da ake sayarwa a kasuwannin 'Yan Katako na Na'ibawa da Rijiyar Lemo a Kano, ko Panteka a Kaduna, daga kudu ake kawo shi, inda iska ke da laima. Sau da yawa da ruwansa a jiki yake isowa. Hunturu na shigowa, sai busasshiyar iska ta zuƙe ruwan nan, katako ya tsuke.

8/ Kuma ta faɗi yake tsukewa, tsawonsa kusan ba ya canzawa. Shi ya sa saman teburin da aka ɗaure tam da ƙusa yake tsagewa a watan Janairu, durowa kuma ta ƙi buɗuwa a Agusta saboda ta sha laima ta kumbura. Mai kaya zai ce an cuce shi, kuma da gaskiyarsa.

9/ Maganin ba wani sirri ba ne. Ka sayi katako da wuri, ka jera shi a inuwa da 'yan sanduna a tsakani don iska ta ratsa, ka bar shi ya yi watanni. Ka nemi 'yar na'urar auna laimar katako. Wajen haɗawa kuma ka bar wa faffaɗan katako wurin da zai ɗan motsa. Haƙurin ne yake yi wa mutane wuya.

10/ Ka san itatuwa da sunayensu. Maɗaci ja ne, yana ɗaukar gogewa da kyau. Loko yana jure ruwa da gara. Ƙirya tauri gare ta, shi ya sa ake turmi da taɓarya da ita. Malaina fara ce marar nauyi, ta fi sauƙin kuɗi. In mai katako ya gane ba ka san bambanci ba, abin da ya ga dama zai ɗora maka.

11/ Akwai kuma madobiya. An yi ta sare ta a jihohi irin su Taraba da Kogi ana lodawa zuwa Sin, har a 2017 ta shiga jerin CITES na itatuwan da ake sa wa cinikinsu ido a duniya. Mu da muke ci da itace, ya kamata mu riƙa tambayar inda aka saro shi. Ni yanzu tsofaffin ƙofofi da azarar gidan da aka rushe ba sa wuce ni.

12/ Maganar MDF fa? Ba haram ba ne. Garin katako ne da aka matse da gam, yana zuwa a faranti ƙafa 4 da ƙafa 8, ga santsi, ga ɗaukar fenti. Amma ruwa na taɓa shi ya kumbura, kuma in aka kwance aka sake ɗaurawa, noti ba ya kamawa kamar da. Laifin shi ne ka sayar da shi da sunan katako. Faɗa wa mutum abin da yake saye.

13/ Awo ma karatu ne. Mazaunin kujerar cin abinci wajen inci 18 ne daga ƙasa, teburinta wajen inci 30. Waɗannan suna cikin littafi. Abin da ba za ka gani a can ba shi ne yadda muke zama. Gida nawa ka sani da aka sayi teburin cin abinci, amma har yau a kan darduma ake cin tuwo, shi kuma ya koma ma'ajiyar kuloli?

14/ A nan ne ɗan makarantar zane yake da abin kawowa. Gajeren tebur da za a kewaye a zaune a ƙasa. Gadon da ake kwancewa gida-gida, don ɗan haya ya tashi da shi ba tare da ya karye ba. Kujerar da za ta wuce ta lungu da ƙofar soro. Kafin in ja layi ɗaya, sai na je gidan na auna ƙofa, na ga yadda ake zama a falon.

15/ Masu saye dai da hoto suke zuwa: "Irin wannan na Turkiyya nake so." Ba na musu. Nakan ce: "Hajiya, za a yi, amma wannan farin yadin, da ƙurar hunturu da yara, wata nawa zai yi?" Sai in nuna mata nawa a gefe. Wasu su ɗauka, wasu su ce a'a. Aikin kwafi yana biyan haya, amma shi kaɗai ba zai sa a san hannunka ba.

16/ Kada ka ce ba mu da abin koyi. Ka kalli kujerar Nupawa ta Bida, mai ƙafafu da yawa, daga kututture ɗaya ake sassaƙo ta ba ƙusa ko guda. Ka kalli bakan gizon Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, da azara da ƙasa. Ka kalli kujera 'yar tsugunno ta kakarka. Ka tambayi kanka me ya sa suka yi ƙarko.

17/ Akwai ma waɗanda suka bi hanyar kafin mu. Demas Nwoko zane ya karanta a kwalejin Zariya da ta zama ABU, yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958 tare da su Uche Okeke da Yusuf Grillo. Daga baya ya shiga tsara gine-gine da kujeru. A 2023 aka ba shi lambar Zakin Zinariya a baje kolin gine-gine na Venice.

18/ Na zamaninmu kuma akwai Nifemi Marcus-Bello a Legas. Kujerarsa LM Stool da farantin ƙarfe ake yin ta, a masana'antar da ke ƙera gidan janareto. Ya duba abin da masu aiki a garinsa suka riga suka iya, ya yi zane a kai. Kai ma ga maƙera, ga dukawa, ga masaƙa a kusa da kai.

19/ To, maganar kuɗi. Ka rubuta komai: katako, gam, soso, yadi, fenti, kuɗin mota, man janareto, ladan yara, da naka ladan. Masu zane sun fi mantawa da na ƙarshen. Farashi kuma yana tashi, don haka ka rubuta a takarda cewa kuɗin da ka faɗa na kwana kaza ne.

20/ Kafin alƙalami amana ce. Abin da ya ɓata sunan kafintoci shi ne a karɓi kuɗin Musa a ƙarasa aikin Isa, sai ana gobe kai amarya a kashe waya. Kuɗin kowa ya tafi kan kayansa. In aikin sati 3 ne ka ce 5, musamman gab da azumi da ake rububin bukukuwa.

21/ Kada ka ci bashi don sayen injina. A kasuwannin katako akwai masu injin tsagawa da na gogewa, ka biya su yi maka. Ka fara da kayan hannu masu kyau da abu ɗaya da ka ƙware a kai, ko da ƙaramin teburin gefe ne. Kuma don Allah ka sa takunkumi. Ƙurar MDF da feshin fenti suna illata huhu a hankali.

22/ 'Yan'uwa mata da ke tambaya ko za su iya: za ku iya mana. Yawancin masu zaɓen kayan ɗaki mata ne, kuma akwai ɗakin da ke za ki shiga ki auna, ni sai dai a turo min hoto. Ki dai koyi katako da haɗi sosai, don kada a mayar da ke mai karɓar oda kawai.

23/ Ba zan ɓoye muku ba, farkon da wuya. Wani watan aiki ya yi yawa, wani watan ko tambaya babu. Shekaru biyun farko da zanen tambari da hotunan mutane nake cike giɓi. Za a kuma kwafi aikinka sati biyu bayan ka ɗora shi. Abin da mai kwafi ba ya gani a hoto shi ne busasshen katako da haɗin da ke ciki.

24/ In kana aji 3 ko 4 yanzu, kada ka jira takardar gamawa. Ka nemi yin SIWES ɗinka a shagon kafinta na gaske. Ka je kasuwar katako ka wuni kana tambaya. Ka ƙera kujera ɗaya, ka ba mai jiki ya zauna a kai, ka bar ta ta ga hunturu da damina, sannan ka duba inda ta saki.

25/ Mai tambaya kan katako ko lissafin farashi ya ajiye a ƙasa, zan bi ɗaya bayan ɗaya in sha Allah. Kafintocin da suka girme mu a sana'a kuma, ku ƙara mana da abin da kuka sani. Allah Ya sa wa neman kowa albarka.