Wakenmu da ya je Kumasi

Gaffati, ranar Lahadi

Aminina,

  An gama yankan gero, wake ma ya yi albarka bana, har mata sun gaji da sussuka.

Waken nan ne ya tuna mini alkawarin da na yi maka na labarin Kumasi. Ka san abin da ya fi tsaya mini a rai? Tukunyar wata Hajiya mai abinci a Zango. Da sassafe na tarar da layi a gabanta, Asantawa da Hausawa, har da masu kwat. Na ce mene ne? Aka ce waakye, suna furta shi kamar "wace". Ashe shinkafa da wake ce, sunan wakenmu ne ya lanƙwashe a bakinsu!

Amma wallahi ba irin tamu ba ce ta mai da yaji. Ja ce jawur, don da karan dafi ake dafa ta, wanda dukawanmu ke rina fata da shi, a jefa 'yar kanwa. Hajiya ta shimfiɗa ganye a tafin hannu, ta zuba, ta ɗora taliya, garin rogo, dafaffen ƙwai da ganda, sannan ta ɗiga wani baƙin yaji mai kifi da suke kira shito. Lomar farko na ji baƙunta. Ta uku kuwa gida na ji, ƙanshin kanwar nan sak na tukunyar innarmu.

Ka ga, fatake ne suka kai abincin nan can. Daga irin unguwar Zango ta Damagaram ayari ke tashi da kanwar Manga da fatu, a bi ta Kano har Salaga a sayo goro. Da yaƙin 1892 ya watsa Salaga, mutanenmu suka bazu Kumasi da Ankara, suka yi aure, matansu suka dafa abin da suka sani da abin da kasuwa ta ba su. Tuwo ya zama tuo zaafi da miyar ayoyo, koko har yau Hausa koko suke ce masa.

Haka ta faru da Italiyawa. Daga 1880 zuwa 1924 sama da miliyan 4 suka ƙaura Amurka, galibi talakawan kudu da ba sa ganin nama sai ranar biki. A New York suka tarar da shi da araha, sai suka rinƙa murza manyan dunƙule suna ɗorawa kan taliya, abin da a Italiya ba a haɗawa a kwano guda.

Wani ɗan garinmu da muka ci waakye tare a wajen Hajiya ya ce an ɓata mana abinci. Raina bai so maganar ba. Matar nan kakanninta daga ƙasar Hausa suka fito, Hausarta garas, kuma da tukunyar nan ta aurar da 'ya'ya har ta je Makka.

Na samo karan dafi a kasuwar Dole, uwargida ta gwada sau biyu, na biyun ya kusa. Shito ne ya gagare mu. In za ka zo Sallah, ka riƙo mana busasshen kifi mai kyau, ka taho da Maman yara ta ga yadda ake yi.

Ka gaida Baba da kyau.

Naka har kullum.